DARASI NA 14: MAI-BI DA ILMIN TARIHI DA NA ZAMAN JAMA'A

Wuraren karatu: Ezra 4:7-23, Ezra 5:3 zuwa 6:15, Luka 1:1-4, Nehemiya 5:1-13.

Ayar haddacewa: Fitowa 20:16.

Abin nufi: Mu gane cewa wanda ya ke nazarin labarin mutane, na dā da na yanzu, mai-ba da shaida ne a gaban Allah, doka ta tara kuwa tana bisa kansa.

Ga shugaban taro: A raba wuraren karatu ga mutum huɗu tun kafin ranar taro. Idan akwai ɗalibin jami'a ko malamin makaranta a cikinku, a ba shi zarafi ya yi magana a kan tambaya ta 4.

GABATARWA

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani dattijo ya tsai da ni a ƙofar majami'a. Da muka gaisa sai ya ce, "Malam, ina da damuwa. 'Yar autata ta sami shiga jami'ar ekklesiya. Ni na so ta yi karatun likita ko na lauya, amma ita ta ce sai tarihi. Bijimi biyu na sayar saboda kuɗin makaranta. Ashe tatsuniya zan biya wa kuɗi? Wanda ya mutu ai ya mutu. In ta gama, wa zai ba ta aiki?" Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri har mu buɗe Littafi tare." Darasin nan amsa ce ga dattijon, da dukan iyaye da 'yan makaranta masu irin tambayarsa.

Tambayar kuwa ta zamaninmu ce. Tun shekara ta 1999, sa'ad da gwamnati ta fara ba da izinin kafa jami'o'in da ba nata ba, ekklesiyoyi da yawa sun kafa nasu. Akwai Babcock ta Adbentis a Ilishan-Remo, da Bowen ta Baptis a Iwo. A 2005 aka ba da izinin Bingham ta ECWA a Karu, da Ajayi Crowther ta Angilikan a Oyo, da jami'ar Mkar ta NKST kusa da Gboko. A irin waɗannan makarantu ana koyar da ilmin tattalin arziki, da na sha'anin mulki, da na zaman jama'a, a waɗansu kuma har da tarihi. 'Ya'yanmu suna shiga. Ya kamata fa mu san abin da Maganar Allah ta ke faɗi a kan irin wannan karatu.

I. WASIƘU BIYU ZUWA GA SARKIN FARISA

Cikin littafin Ezra akwai wasiƙu biyu da aka aika wa sarakunan Farisa a kan mutanen Urushalima. Kowacce ta roƙi sarki abu ɗaya, watau a bincika cikin tsofaffin takardun mulki. Mu lura cewa marubucin bai jera su bisa ga shekaru ba. Ta sura 4 an rubuta ta a zamanin Artashate, wanda ya hau gadon sarauta a shekara ta 465 kafin haihuwar Kristi, a kan ginin garu ne kuwa. Ta sura 5 ta riga ta, gama a zamanin Dariyus ce, wajen shekara ta 520, a kan ginin Haikali.

Rehum da Shimshai magatakarda su ne suka rubuta ta sura 4. Suka ce wa sarki ya duba littafin labarin kakanninsa, zai tarar birnin nan mai-tayarwa ne tun dā. Aka duba, aka kuwa tarar da haka. To, ƙarya suka yi? Hezekiya ya tayar wa sarkin Assuriya, Zedekiya kuma ya tayar wa Nebukadnezzar. Littafin Sarakuna na biyu bai ɓoye wannan ba. Amma ba su gaya wa sarki cewa an yi shekara fiye da 120 da tayarwar ƙarshe ba. Ba su gaya masa cewa da izinin Sairus mutanen nan suka komo ƙasarsu ba, ko kuwa cewa 'yan ringi ne kawai, ba sarki, ba rundunar yaƙi. Suka tsinci abin da zai ba sarki tsoro, sauran kuwa suka bar shi cikin akwati. Ƙarshen abin, aka zo da ƙarfin tsiya aka tsai da aikin.

Yanzu mu duba Tattenai, mai-mulkin Ƙetaren Kogi. Shi ma ba Bayahude ba ne. Amma ya taka da ƙafarsa har wurin ginin, ya tambayi dattawa wanda ya ba su izini, ya nemi sunayensu, sa'an nan ya rubuta amsarsu yadda suka ba shi, bai rage ba, bai ƙara ba. Dattawan nan ma ba su yi wa kansu ado ba, gama sun furta cewa laifin kakanninsu ne ya sa Allah ya bashe su ga Babila. Dariyus ya umurta a yi bincike a Babila. Ba a can aka sami takardar ba. Sai a Akmeta, cikin lardin Midiya, birnin da a ke kira Hamadan a ƙasar Iran ta yau, aka sami naɗaɗɗen littafi mai-ɗauke da umurnin Sairus, har da awon ginin, da maganar mai da kayan zinariya da na azurfa. Saboda takardar nan guda aka ci gaba da aiki, aka biya kuɗinsa daga harajin sarki, aka gama Haikali a shekara ta shida ta mulkin Dariyus.

Ku yi tunanin magatakardan da ya sami takardar nan. Littafi bai faɗi sunansa ba. Da ya duba Babila kaɗai ya komo ya ce babu, wa zai zarge shi? Amma bincike bai tsaya nan ba, aka bi sawu har kan duwatsun Midiya. Allah ya tā da annabawa biyu, Haggai da Zakariya, domin su zuga jama'a ga aikin, ya kuma yi aiki da hannun mai-tonon tsofaffin takardu domin aikin ya tsaya da ƙafarsa a gaban shari'a.

Ga koyarwar fa. Da takardun mulkin nan ɗaya aka rushe aiki, da su kuma aka gina. Bambancin yana cikin zuciyar mai-binciken. Rabin gaskiya da aka zaɓa domin a cuci maƙwabci, shaidar zur ce, ko da kowace kalma a cikinta daidai ta ke.

Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu. Waɗanda suka ga rikicin Zangon Kataf na 1992, ko na Jos na watan Satumba 2001, sun san yadda kowane ɓangare ya ke riƙe da nasa labari a kan wanda ya fara zama a wuri, da wanda ya fara cutar wani. Yaro ya kan ji rabin labari a gindin murhu, ya girma da shi, wata rana ya ɗauki adda saboda shi. Ga shi kuwa an yi shekaru fiye da goma ba a koyar da tarihi a kan kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare na ƙasar nan ba, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da komo da shi. Inda malami ya yi shiru, mai-zuga ba ya yin shiru. Ƙasar da Rehum ya yi yawa a cikinta tana bukatar Tattenai.

II. LUKA, MAI-BIN DIDDIGI

Bangaskiyarmu ta tsaya a kan abubuwan da suka faru a wani wuri, a wata shekara, a gaban shaidu. Saboda haka Luka ya buɗe Bishararsa da bayyana yadda ya yi aikinsa. Ya san abin da waɗansu suka riga suka rubuta. Ya karɓi maganar waɗanda suka gani da idonsu. Ya bi diddigin kome tun daga tushe, ya jera shi bi da bi, domin Tiyofilus ya tabbatar da abin da aka koya masa. Matakai huɗu ke nan, su ne kuwa a ke koya wa ɗalibin tarihi har wa yau: karanta abin da aka rubuta, tambayi wanda ya gani, gwada wannan da wancan, sa'an nan ka rubuta a shirye.

A farkon sura 3 Luka ya ambaci manya bakwai domin ya nuna lokacin da Yohanna ya fara wa'azi: Kaisar Tibariyas, da Bilatus, da Hirudus, da Filibus, da Lisaniyas, da Hanana, da Kayafa. Mai-tatsuniya ba ya yin haka, gama ba ya son a bi sawunsa. A 1961 masu-tonon kufai suka sami dutse a Kaisariya mai-ɗauke da sunan Bilatus da muƙaminsa. A Delfi ta ƙasar Girka kuma an sami rubutun da ya ambaci Galiyo, wanda aka kai Bulus gabansa a Ayyukan Manzanni 18, ta haka aka san cewa Bulus yana Korinti wajen shekara ta 51 ko 52 bayan haihuwar Kristi. Ba duwatsun nan ne suka cece mu ba, Kristi ne. Amma suna nuna mana cewa Ruhu Mai-Tsarki bai raina aikin bincike ba, tun da ya ke ya bi da mai-bincike ya rubuta littattafai biyu na Sabon Alkawari.

III. TARIHIN DA BA YA ƁOYE LAIFIN GIDA

Maroƙi yana yabon wanda ya ba shi riga. Marubutan Littafi Mai-Tsarki ba maroƙa ba ne. Sun rubuta ƙaryar Ibrahim a Masar, da fushin Musa, da abin da Dauda ya yi wa Uriya, da musun Bitrus a bakin wuta. Jami'ar da ta ke ɗauke da sunan Kristi wajib ne ta bi wannan gurbi, har a kan labarin ekklesiya kanta.

Ni ɗan mishan ne, bari in fara da gidanmu. An naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a Kantabari a 1864, shi ne baƙar fata na farko da ya sami muƙamin nan a ekklesiyar Angilikan. A 1890, a wani taro a Anacha, waɗansu samarin Turawan mishan suka dakatar da ma'aikatansa a gaban idonsa, suka ƙasƙantar da tsohon da ya yi shekaru da yawa yana wahala a bakin Kwara. Ya rasu a ƙarshen 1891. Masanan tarihi na ƙasar nan, irin su J. F. Ade Ajayi na jami'ar Ibadan, suka tono takardun mishan suka baje al'amarin a fili. A 2014, ran cikar shekara 150 da naɗin, Babban Bishop na Kantabari ya furta a bainar jama'a cewa an zalunci Crowther. Da ba a rubuta gaskiyar ba, da wane abu za a tuba?

Akwai kuma laifin mantuwa. Mun san sunayen Gowans da Kent da Bingham, waɗanda suka sauka Ikko a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu a 1894. Daidai ne mu tuna da su. Amma ina sunayen masu-bishara na ƙasa da suka shiga ƙauyuka da ƙafa, da tafintoci, da matan da suka buɗe zaurukansu domin sujada ta fari? A aikin juyi na kan zauna da dattawa ina neman kalma guda, sai in ji labarin da babu shi cikin kowane littafi. Dattawan nan kuwa suna tafiya ɗaya ɗaya.

Ga misalin wanda ya riƙe amanar nan. Samuel Johnson, fasto a Oyo, ya zauna da masu-riƙon labarin fadar Alafin da tsofaffin mayaƙa, ya tattara tarihin Yarabawa. Saboda ya san asalin kowace gaba, kowane ɓangare kuma ya amince da shi, ya zama ɗaya daga cikin manzannin da suka yi ta kai da kawowa har aka ƙulla sulhun yaƙin Kiriji a 1886. Ya gama littafinsa a 1897, aka aika da shi Ingila, ya ɓace a hannun masu-bugawa. Ya rasu a 1901 bai ga aikinsa ba. Ƙanensa, Likita Obadiah Johnson, ya sāke harhaɗa shi daga guntayen takardun da ya bari, aka buga shi a 1921, shi ma bayan rasuwarsa. Har yanzu ɗalibai suna sha daga rijiyar nan.

IV. NEHEMIYA DA KUKAN TALAKAWA

Tarihi yana duban jiya. Ilmin zaman jama'a kuwa yana duban yau, yana tambaya: yaya mutane su ke zaune, wa ke ci, wa ke kwana da yunwa, me ya sa? Cikin Nehemiya 5 ana tsakiyar ginin garu sai kuka ya tashi. Ku lura da yadda aka rarrabe masu-kukan kashi uku. Waɗansu iyalinsu sun yi yawa, ba hatsi. Waɗansu sun jinginar da gonaki da gidaje saboda yunwa. Waɗansu kuma sun ci bashi domin su biya harajin sarki, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta. Nehemiya ya husata ƙwarai, amma aya ta 7 ta nuna sai da ya yi shawara da zuciyarsa tukuna. Da ya auna, ya gane yunwa da haraji ba su kaɗai ba ne; manyan gari ne su ke cin riba a kan 'yan'uwansu. Ya tara babban taro, ya sa aka mai da gonakin. Da bai gane tushen ciwon ba, da ya raba tsaba kwano kwano, wata shekara kuka ya komo.

Haka kuma a Ayyukan Manzanni 6. Ba wanda ya ƙulla niyyar hana gwauraye masu-jin Helenanci abinci, amma yadda a ke rabon ya bar su a baya. Manzanni ba su ce masu-gunaguni su yi shiru ba. Suka gyara tsarin, aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenawa gare su.

Ashe ba mu da irin wannan? Manomi ya kan ci bashi da damina, ya biya ninki da kaka, ya sayar da hatsi da araha, ya komo ya saye shi da tsada da bazara. Burtali ya zama gona, sai faɗa tsakanin manomi da makiyayi. Samari suna barin ƙauye, suna cika tashoshin mota a birni. Addu'a wajib ce a kan dukan waɗannan. Amma ekklesiya tana bukatar 'ya'yanta da aka horar su ƙirga, su tambaya, su auna, domin taimakonta ya faɗa daidai inda ciwon ya ke. Wanda ya ƙara sifiri a lissafin waɗanda aka kashe domin a tausaya wa nasa, ko ya rage na waɗancan, ya karya doka ta tara kamar Rehum.

V. GARGAƊI GA ƊALIBI DA IYAYE

Ya kai ɗalibi, sunan da ke bisa ƙofar makaranta ba ya tsarkake kowa. Jami'ar Kirista ba ta da wata shekara dabam da za ta ba ka domin yaƙin Kiriji. Abin da ya cancanta ta ba ka shi ne malamai masu-tsoron Allah da za su hana ka sakaci da gaskiya, da wurin da za ka kawo tambaya mai-wuya ba tare da tsoro ba. Za ka gamu da masanan da su ke cewa addini ƙirƙirar mutane ne kawai. Kada ka gudu daga littattafansu, kada kuma ka haɗiye su ɗungum. Musa ya koyi hikimar Masarawa, Daniyel ya yi shekara uku a makarantar Babila, ba wanda ya bar Allahnsa a cikinsu. Karanta Ibn Haldun, Musulmin Tunis wanda ya rasu a 1406, gama yana cikin na farko da suka yi nazarin abin da ke ɗaure al'umma da abin da ke wargaza ta. Je ka ɗakunan ajiyar takardun ƙasa a Ibadan, ko Inugu, ko Kaduna, aikin da Kenneth Dike ya yi wahala har aka kafa shi a 1954. In za ka rubuta labarin waɗanda ba addininku ɗaya ba, ko ba kabilarku ɗaya ba, rubuta shi yadda in sun karanta za su ce, "I, haka mu ke faɗi." Matattu ma maƙwabtanka ne, ba su da bakin da za su kāre kansu.

Ya ku iyaye, ba zan ruɗe ku ba. Kuɗin jami'o'in nan yana da nauyi, aiki kuma yana da wuyar samu ga masu-digiri iri iri. Wanda ba shi da hali ya kai ɗansa jami'ar gwamnati bai yi zunubi ba. Daniyel ma ba a makarantar annabawa ya yi karatu ba. Masu-wannan ilmi su kan zama malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati, da 'yan jarida, da masu-aikin agaji da sulhu. Ku zauna da yaron, ku auna baiwarsa da abin da ke hannunku, ku yi addu'a tare. Amma kada ku ce masa karatun banza ne, gama Allah bai ce haka ba.

Dattijon nan da na ambata bai ce mini kome ba ran nan, sai "To, Malam, na ji." Da hutu ya zo, 'yarsa ta zaunar da shi da takarda da alƙalami, ta rubuta sunayen mutanen da aka fara yi wa baftisma a ƙauyensu. Shi kaɗai ya rage wanda ya san su duka.

TAMBAYOYI

1. Wane abu na gaskiya Rehum da Shimshai suka faɗi, wane abu kuma suka bari? Me ya sa mu ke kiran wannan shaidar zur?
2. Faɗi abu uku da Tattenai ya yi kafin ya rubuta wa sarki.
3. Don me Littafi Mai-Tsarki bai ɓoye zunubin Dauda da na Bitrus ba?
4. Wace tambaya ce ɗalibi mai-bi ya kan gamu da ita a aji, wadda ta ke girgiza shi? Yaya ekklesiya za ta taimake shi?
5. Akwai labarin da mu ke ba 'ya'yanmu a kan wata kabila ko wani addini, wanda rabinsa kaɗai mu ke faɗi?

AIKIN MAKO

A zaɓi mutum biyu su ziyarci wanda ya fi kowa tsufa a ekklesiyarku. Su tambaye shi wanda ya fara kawo Bishara wurin, da shekarar, da inda aka fara sujada, da wahalar da aka sha, har da kuskuren da aka yi. Su rubuta, su karanta masa ya gyara, sa'an nan a ajiye takardar wurin magatakardan ekklesiya.

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah na gaskiya, wanda kwanakin dukan al'ummai su ke a tafin hannunka, muna kawo maka 'ya'yanmu da ke cikin jami'o'i, da malamansu. Ka ba su haƙurin bincike, da ƙarfin zuciya su faɗi abin da suka tarar, ko da a kan gidansu ne. Ka gafarta mana rabin labarin da muka ba da domin mu baratar da kanmu. Ka mai da mu shaidu masu-aminci ga maƙwabtanmu, rayayyu da matattu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.